Gam da tsohuwar kamara

A garuruwa irin su Gidan Amumune, cikin gundumar Mayahi, ba a rasa tsohuwar kamara mai fim a ƙasan akwatin ƙarfe na wani gida. Galibi ta tsohon mai hoto ce, wanda a da yake bin kasuwanni da bukukuwan aure da suna, yana ɗaukar hoton katin ɗan ƙasa da na Sallah. In fim mai hoto 36 ya cika, sai ya ba direba ya kai birni a wanke. Wayar hannu ta kashe wannan kasuwa, amma kamarorin suna nan: Yashica, ko Zenit ta Rasha, ko Pentax K1000 da aka fara ƙerawa a Japan a 1976.

Injin irin waɗannan kamarori yana da ƙarko. Baƙar fatar da aka lulluɓe jikinsu da ita ce ke fara gazawa. Zafin bazara ya busar da gam ɗin da ke ƙarƙashinta, gumin hannu ya jiƙa gefenta, sai kusurwa ta ɗaga, ƙurar hunturu ta samu hanya. Wani lokaci kuma ɗan faifan da ke kan maɓallin juya fim ne yake ɓallewa, a tsince shi a cikin jaka.

A nan ne hannu ke saurin kaiwa ga supagulu, tunda kowane mai tebur yana da shi, kuma nan take yake kamawa. To, ga kamara guba ne. Yana da ruwa-ruwa, yakan bi tsaga ya gangara cikin inji ya daskarar da abin da aka yi domin ya juya. Tururinsa kuma yakan sauka a kan gilashi da madubi ya bar farin hazo mai wuyar fita. Sannan in ya bushe ba ya lanƙwasa. Ranar da makaniki ya so ɗaga fatar don ya kai ga ƙusoshin da ke ɓoye a ƙarƙashinta, sai dai ya yage ta.

Abin mamaki, daga gidan masu kamara wannan gam ya fito. A 1951, a wani ɗakin bincike na kamfanin Eastman Kodak a Amurka, Fred Joyner, abokin aikin Harry Coover, ya ɗiga sinadarin tsakanin gilasai biyu na wata na'urar awo, suka manne suka ƙi rabuwa. Da ɓarnar gilashi aka gane ƙarfinsa, aka kuma fito da shi kasuwa a 1958.

Akwai mai cewa ai ga ƙaro a dawa, na kyauta. Ƙaro yana riƙe takarda da kyau, kuma shi ke gyara tawadar allo, amma ruwa na narkar da shi. Damina ɗaya da gumin tafin hannu sun isa su saki fatar.

Gam ɗin da ya dace yana wurin mai gyaran takalmi, wanda ake shafawa a fuska biyu. A fara kankare tsohon gam da tsinke, a goge wurin da auduga da ɗan alkol na kantin magani. A shafa sabon siriri a jikin ƙarfen da bayan fatar, a jira har ya daina bin yatsa, sannan a haɗa daga tsakiya zuwa gefe. A naɗe da robar tsohon tif na keke a bar ta ta kwana, a kuma ajiye gilashin gaba nesa har warin ya fita. In fatar ta mutu sarai, ƙasar Maradi, inda Mayahi take, ba ta roƙon fata a wurin kowa. Fatar jar akuyarta ta yi suna har Turai, kuma baduku zai iya fefe ta ta yi siriri, ya yanka daidai da zanen tsohuwar.

Malick Sidibé na Bamako, wanda duniya ta sani da hotunan matasan Mali, ya rasu a 2016 ya bar shago cike da tsofaffin kamarori, domin gyaransu yana cikin sana'arsa. Masu irin wannan hannu sun yi ƙaranci, kuma kayan gyaran yawancin waɗannan kamarori an daina ƙera su. Saboda haka duk wanda ya gaji ɗaya, ya liƙa ta da gam ɗin da wani zai iya ɓamɓarewa gobe ba tare da ɓarna ba. In babu irinsa a kusa, ya ƙulle abin da ya faɗo a ƙyalle, ya ajiye tare da kamarar har ranar kasuwa.