Gini Ya Kai Linta: Kwanakin Kaka a Bauranya

Lahadi, 20 ga Oktoba, 2024

Da na fito masallaci da asuba na wuce wurin ginin. Ɗaki uku da falo da zaure, duk sun kai linta tun cikin Agusta, har yau kuwa ba rufi. Tafasa da ƙarangiya sun cika inda zai zama tsakar gida, awakin maƙwabta sun mai da falon makwancinsu. Na share, na jawo ƙaya na toshe bakin ƙofa.

Abin da ya rage, a baki ba shi da yawa: layi biyu na bulo a kan linta, katako da kwano, ƙofofi da tagogi, sai filasta. Amma kowanne yana jiran wani. Kafinta ba zai hau ba sai magini ya sauko, magini ba zai taɓa filasta ba sai an kafa ƙofofi, ƙofofin kuma suna wurin mai walda a Kankiya.

Na kama koyarwa a 1987, shekarar da aka cire Katsina daga tsohuwar Jihar Kaduna, na ajiye alli a 2022. Duk tsawon shekarun nan a gidan haya nake, duk garin da aka tura ni. Yanzu ni da Hajiya muna ɗaki biyu a gidan gado, wurin Yaya, kayanmu na jibge cikin buhuna da akwatuna.

Litinin, 21 ga Oktoba

Magini ya yi alkawarin yau, bai zo ba. Da hantsi na bi shi gona, na iske shi da 'ya'yansa suna cirar gyaɗa. Yana hango ni ya ajiye fartanya ya taho yana kakkaɓe hannu.

"Malam, a yi mini aikin gafara. In na bar gyaɗar nan a ƙasa, gara da ɓeraye za su raba ta. Bulo ba ya ruɓewa, ita kuwa ba ta jira."

Gaskiya ya faɗa. Maginin ƙauye manomi ne kafin ya zama magini, leburansa ma haka. An yanke gero an ɗaure, ga gyaɗa, ga roron wake, dawa kuma tana nan tafe. A ƙasar nan gini aikin rani ne, sai an kai amfani rumbu ake samun hannuwa. Na zauna a gindin gawo na taya su tsiga har azahar. Ya cika mini ƙwarya da ɗanyar gyaɗa, Hajiya ta dafa mana da yamma.

Talata, 22 ga Oktoba

Ɗan Yaya ya kai ni Kankiya a mashin. Layin masu walda da kullum ba ka jin maganar na kusa da kai saboda ƙarar ƙarfe, yau shiru. Ƙofofina na jingine da bango, an yanka falanki an haɗa firam, ba a ɗinke ba, tsatsa ta fara bin gefensu. Yaran shagon na zaune a ƙasa suna dara da tsakuwa.

Tun jiya ba wuta. Rediyo ya ce babban layin da ya taso daga Ugwuaji a Enugu zuwa Apir a Binuwai ne ya faɗi, shi kuma na Shiroro zuwa Kaduna dama ɓarayi sun lalata shi. Yawancin Arewa na cikin duhu.

Mai walda ya ce, "Baba, in ka ce in tada inji zan tada. Amma kuɗin gas ɗin da zai sha, kai za ka ji a jikinka."

Na ce a jira wuta. Mai niƙa, mai ƙanƙara, tela mai injin lantarki, duk na gan su zaune. Ni ƙofa nake jira, su abincin yau suke jira.

Laraba, 23 ga Oktoba

Ban fita ba. Na ɗauko littafin da nake rubuta lissafin ginin, na bi shi shafi-shafi.

Lokacin da aka haƙa fandisho a farkon 2023, buhun siminti bai kai naira 5,000 ba, litar fetur kuma a farashin gwamnati ba ta kai 200 ba. Ranar 29 ga Mayu na shekarar Shugaba Tinubu ya sanar da cire tallafin mai, a watan Yuni aka saki naira ta nemi darajarta a kasuwa. Zuwa Fabrairun bana siminti ya haura 10,000 a wurare da yawa, har sai da ministan ayyuka ya zauna da masu kamfanonin aka yi maganar 7,000 zuwa 8,000. A wannan watan na Oktoba kuma litar fetur ta haura 1,000. Simintin da muke gini da shi daga Obajana a Kogi yake zuwa, ko Kalambaina a Sakkwato, kuma kowace tirela sai ta sha mai kafin ta iso mu. Rodi da katako da kwano duk haka suka bi.

Garatutina kuwa an lissafa shi a kan albashin da na bari, ya daɗe bai fito ba, da ya fito kuma ba a dunƙule ba. Adadin da ke takarda bai ragu ko kwabo ba, amma abin da zai iya saya ya ragu fiye da rabi. Kuɗin da a shekarar da na yi ritaya zai gama gidan nan har da fenti, shi ne ya ƙare a linta. Wannan ne asalin jinkirin. Gyaɗar magini da wutar mai walda ƙari ne kawai.

Alhamis, 24 ga Oktoba

Bayan la'asar yara suka taru a gindin bedin ƙofar gida ɗaukar karatu, kamar kullum. Da jikokin Yaya na fara, yanzu na unguwa sun fi su yawa. Allo ɗaya ne, falankin da ya ragu daga zuba linta, na shafa masa baƙin gawayi.

Akwai wata yarinya 'yar aji huɗu da ba ta iya haɗa baƙi da wasali ba lokacin da ta fara zuwa. Yau na rubuta "rumbu ya cika", ta sa yatsa a ƙarƙashin kowace gaɓa, ta karanta a hankali har ƙarshe, sannan ta juya ta dubi sauran. Ban ji daɗin wani abu a makon nan kamar wannan ba.

Da magariba wata tsohuwa ta kawo takardar asibitin jikanta in karanta mata. Wayoyin gida kuwa, saboda rashin wuta, duka suna wurin mai caji da sola, an yi layi.

Juma'a, 25 ga Oktoba

Na yi Juma'a a Kankiya. Bayan an sallame muka keɓe da tsofaffin abokan aiki. Hirar 'yan fansho ba ta wuce uku: ciwon gwiwa, tantancewa, da wanda ya rasu. Yau an faɗa mini rasuwar wani da muka koyar tare a wata makaranta can wajen Ingawa. Ya bar gini a daidai taga, iyalinsa na haya, haƙƙinsa bai gama fitowa ba. Muka ɗunguma muka yi ta'aziyya. Allah Ya jiƙansa, Ya sa ya huta.

A hanyar dawowa ban iya magana ba. Mutumin nan ya yi shekaru yana koya wa 'ya'yan jama'a lissafi, bai samu ɗakin kansa da zai yi jinya a ciki ba.

Asabar, 26 ga Oktoba

Yaya ya tashi da yaɓen katangar baya, wadda damina ta zaizaye. Ya haura saba'in, amma shi ke tsaye kan aikin. Tun shekaranjiya aka jiƙa jar ƙasa, aka zuba mata ciyawa yankakkiya, yara suka tattake ta da ƙafa har ta yi danƙo. Yana ɗibar curi ya maka a bango, ya bi da tafin hannu ya lailaye, sawun yatsunsa na fita layi-layi. A gefe ga tukunyar da ya jiƙa kwasfar ɗorawa, ruwan ya yi ja-ja. Makuba ke nan, ita za a shafa a kai don kada ruwa ya ci bangon.

Ɗakin da nake kwana mahaifinmu ne ya gina shi da tubali. Azarar giginyar da ya rufa har yau gara ba ta taɓa ta ba. Da rana ɗakin sanyi, da daren hunturu ɗumi. Ba buhun siminti ko ɗaya a jikinsa, ba abin da aka jira daga Kogi. Da irin ƙasar nan Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina masallacin Juma'a na Zariya wajen shekarun 1830, da ita kuma hasumiyar Gobarau ke tsaye a Katsina.

Yaya ya ce, "Kai dai ka ƙi ji. Katangar gidan naka mi zai sa ka saya mata bulo? Ƙasa tana nan kyauta. Bari a yanke dawa in tara maka gayya."

Na ce, "Yaya, na ji, kuma na karɓa."

Ginin ƙasa yana son mai kula da shi kowace shekara, kuma samarin da za su yi yaɓe sun tafi Kano da Abuja neman kuɗi. Shi ya sa ɗakunan kwana na yi su da bulo. Amma katanga da rumbu da ɗakin awaki, da ƙasa za a yi su.

Lahadi, 27 ga Oktoba

Kasuwar Charanchi. Na kai san da nake kiwo tun bara, wanda dama don kwano na ajiye shi. Dillali ya riƙe igiya, mai saye ya zagaya shi, ya buɗe baki ya duba haƙora, ya danna tozo. Aka yi ta albarka har rana ta take, sannan na sallama. Biya ya ɗauki lokaci, don sabis na zuwa yana ɗaukewa.

Na tambayi bandir ɗin kwano, mai falle ashirin. Kuɗin san ba zai rufe gidan duka ba. Na dawo da igiya a hannu da lissafi a ka.

Litinin, 28 ga Oktoba

Rediyo ya ce gwamnonin Arewa da sarakuna sun zauna a Kaduna, maganar wuta na cikin abin da suka tattauna. Mai tifa ya aiko cewa yashi ya ƙara kuɗi. Na yi magana da wani yaro mai amalanken shanu, zai riƙa ɗebo mini daga rafi kaɗan-kaɗan. Ya kawo sahun farko kafin magariba.

Talata, 29 ga Oktoba

Da dare muna zaune a tabarma, fitilar sola a tsakani, Hajiya na ɓarar wake. Ba ta taɓa yi mini ƙorafin zaman nan ba, ita da ta saba da madafinta, yanzu murhu ɗaya suke haɗawa da matan Yaya.

Ta ce, "Malam, ni fa ban ga dalilin jiran a gama duka ba. A rufa ɗaki biyu da zaure, a sa ƙofa, mu shiga. Falo ya jira. In muna ciki awaki ba za su kwana ba, ɓarawon rodi ma ba zai zo ba."

Na ce, "Filasta fa?"

Ta ce, "Ciki kawai a yi. Waje ya jira baɗi. Sannu ba ta hana zuwa."

Na ɗauko littafi na sake lissafi a gabanta. Kuɗin san zai rufe ɗaki biyu da zaure, har a sami ragowar katako. Shawararta ita ce daidai, a kanta muka kwana.

Laraba, 30 ga Oktoba

Ina karin kumallo na ji sallama. Magini ne, da cokali da igiya da guduma a buhu, leburori biyu a bayansa. Ya kai gyaɗa gida. 'Yan garuwa suka cika duro, aka kwaɓa siminti, ya ja igiya daga kusurwa zuwa kusurwa ya fara jera bulo a kan linta. Na tsaya a kan yashi, don kada a yawaita shi a kwaɓi. Kafin la'asar ɗaki ɗaya ya kai inda kafinta zai kama. Hajiya ta aiko musu da fura da ɗanwake.

Da dare rediyo ya ce an gyara ɗaya daga cikin layukan Ugwuaji zuwa Apir, wuta ta fara komawa wasu jihohi.

Alhamis, 31 ga Oktoba

Da sassafe na ba sabon ginin ruwa, da yamma ma haka, don siminti in bai sha ruwa ba a kwanakin farko ba ya ƙarfi. Mai walda ya kira, ya ce wuta na zuwa tana ɗaukewa, ya ɗinke ƙofa ɗaya. Kafinta ya zo ya auna, ya rubuta mini adadin katako da ƙusa. In Allah Ya yarda, kafin hunturu ya kankama za mu tare.

Ni na sami inda na fake. Ina da Yaya, ina da gidan gado, ina da gona da ɗan abin kiwo. Da yawa cikin waɗanda muka yi ritaya tare ba su da ko ɗaya, mai gidan haya ne ke tsaye a kansu.

Saboda su nake roƙon duk wanda haƙƙin 'yan fansho ke bi ta hannunsa, a kowane mataki yake: a biya mutum garatutinsa a dunƙule, a shekarar da ya ajiye aiki. Kuɗin da aka riƙe shekara biyu a wannan zamani, ko an biya shi cif, an riga an ci rabinsa. Ku kuma 'ya'yana da ke bakin aiki yanzu, malamai da ma'aikatan asibiti da na sakatariya, na san albashin ba ya kai ku ƙarshen wata. Duk da haka ku nemi fili ko ƙarami ne, ku shiga adashe, duk kwasar da ta zo ku mai da ita bulo, kuma kada ku raina ginin ƙasa inda zai yi. Ku fara tun kuna da ƙarfi da albashi, kada ku jingina matsugunin iyalinku da garatuti.