Cin Sushi a Tokyo Ba Tare da Jin Japananci Ba

A Tokyo, samun kujera ya fi cin sushin wuya. Gidajen da suka amsa sunansu ƙanana ne ƙwarai, mutum takwas ko goma a gaban kanta ɗaya ta katako, kuma da yawansu sai ta waya ake kama wuri, da Japananci. Sukiyabashi Jiro na unguwar Ginza, inda firaministan Japan na lokacin, Shinzo Abe, ya kai Obama a 2014, an cire shi daga littafin Michelin mai tantance gidajen abinci a 2019 saboda ya daina karɓar kowa da kowa. Ni ma'aikaciyar otal ce ta buga waya ta kama min wuri a wani gida daban. Mai son bi ta intanet kuwa, akwai TableCheck da Pocket Concierge, duk da Turanci.

Ma'aikaciyar otal ɗin ta ja min kunne a kan abu biyu: kada in makara, kada in fesa turare. Na biyun ya yi min nauyi, don Bahaushe ba ya fita gaban mutane ba ƙamshi, amma da na zauna na gane dalili. Ɗakin ƙarami ne, turare ɗaya zai danne ƙamshin shinkafar kowa. Na kuma roƙe ta ta rubuta min a takarda cewa ba na cin abin da aka sa wa giya, domin romon da ake shafa wa kifin yakan ƙunshi giyar sake ko mirin. Mai sushin ya karanta, ya gyaɗa kai, ya koma sa wa nawa gishiri da ɗigon lemon tsami.

Tsarin cin, omakase, ya hutar da baƙo daga magana, don shi mai gidan ke zaɓa. Kifin daga kasuwar Toyosu yake, wadda ta gaji Tsukiji a 2018. Yana yanka, ya dunƙula shinkafa mai ɗumi da ɗan tsami, ya ajiye loma ɗaya a gabanka. Ka ɗauka nan take, da hannu ma ya halatta, kamar tuwo. Ya fara da farin kifi mara maiƙo, sannan ya hau zuwa tumbin tuna da ke narkewa a harshe. Abin da ya fi burge ni shi ne idonsa. Ya lura lomar ta yi min girma, ta gaba sai ga ta ya rage mata shinkafa, ba wanda ya ce uffan. Da aka tashi, ba a ba da tukuici. Can ba al'ada ba ce.

Wanda aljihunsa bai kai nan ba, ya nufi gidajen da faranti ke zagayawa a kan bel, dabarar da Yoshiaki Shiraishi ya fara a Osaka a 1958. A irin gidajen nan da yawa, launin faranti ne ke faɗin kuɗinsa, ga kuma allon taɓawa mai hotuna da Turanci. Kifin bai kai na wancan gidan ba, amma na ci na ƙoshi a tsakiyar iyalai da 'yan makaranta.