Daga Samaru Zuwa Sabon Gari: Cututtuka Sun Daina Bin Kalanda

A ƙasar Zazzau kowace cuta da lokacinta. Sanƙarau da bazara yake zuwa, zazzaɓin cizon sauro kuwa abokin damina ne. Amma wanda yake bin hanyar Samaru zuwa Sabon Gari da idon basira, kamar yadda aiki yake sa ni bin ta, zai ga wannan lissafi ya fara warwarewa.

A Samaru, Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Jami'ar Ahmadu Bello ta shafe shekaru da dama tana rubuta ruwan da ya sauka, wanda yakan kai kimanin milimita 1,000 a shekara. Kukan manoma a yau bai tsaya ga yawan ruwan ba, ya fi karkata ga halinsa: ya makara, ya ɗauke, sannan ya sauko kamar da bakin ƙwarya. Irin wannan ruwa kududdufai yake bari. Idan suka yi ɗumi, ƙwan sauro yakan zama sauro cikin kwana 7 zuwa 10, ƙwayar maleriyar da ke cikinsa ma takan nuna da wuri.

Na kan tsaya a gefen Kubanni in kalli lambuna. Rashin tabbas na damina ya ƙara wa noman rani daraja, sai dai ruwan da ke raya tumatir shi ke raya sauro da dodon koɗin da ke yaɗa tsargiya ga yara masu ninƙaya.

Da an wuce Kwangila an shiga Sabon Gari, matsalar sai ta sake kama. Unguwar da jirgin ƙasa ya haifa ta cika maƙil, leda ta toshe kwatoci. Ruwan dare ɗaya ya isa ya haɗa masai da rijiya, kuma ta wannan ƙofa kwalara ke shigowa. A 2021 an ba da rahoton mutum fiye da 100,000 da ake zaton sun kamu da ita a Nijeriya. Da rani kuwa famfo ya ƙafe, kowane gida da durom da tanki. A irin waɗannan mazubai ne sauron Asiya mai suna Anopheles stephensi yake hayayyafa, an kuma gano shi a Gombe a 2020. Wannan sauro ba ya jiran damina.

Ƙasar da ke ɗauke da kimanin kashi ɗaya cikin huɗu na masu maleriya a duniya bai kamata ta dogara da tsohuwar kalanda ba. Alƙaluman ruwan da ake tarawa a Samaru su riƙa isa hannun ma'aikatan lafiya na Sabon Gari, domin rabon maganin rigakafi ga ƙananan yara da yashe kwatoci su bi saukar ruwa. Tafiyar ba ta kai awa guda ba.