Ɗinyar Kakata

'Yar'uwa, bayan rasuwar mahaifinmu a Yelwa na tarar da tsofaffin jaridun Gaskiya Ta Fi Kwabo a cikin adakarsa, gara ta ci gefensu. Kwana uku ina bin su layi-layi, ɗinya nake nema. Kada ki yi dariya.

Kakata a wani gungu aka haife ta, wajen Ngaski. Da aka gama madatsar ruwan Kainji a 1968, ruwa ya shanye gungun, aka tashe su. Ba ta cika zancen gidan ba, itatuwan ɗinyar bayansa take kewa. Da kaka su tsinto baƙaƙen 'ya'yan a dafa maɗi, ɗinkin kuwa a yi kwaɗo.

A jaridun da ke hannuna na ga sarakuna da gwamnoni, ɗinya ko sau ɗaya. Ba laifinsu ba ne, wa zai buga labarin abin da yara ke tsinta? Laifina ne, har Allah ya yi mata rasuwa ban tambaye ta yadda take dafa maɗin ba.

Jiya a kasuwa 'yata ta nuna ɗinya ta ce, "Umma, mene ne wannan?" Ranar Asabar za mu tafi Shanga wurin gwaggona da littafi da biro, ita kaɗai ta rage da ta iya.