Idan makaranta ta ɗauki uba aiki don ta samu ɗansa (ZARE)

1/ Jama'a ga tambaya. Makaranta tana son wani yaro ɗan wasa, sai ta kira babansa ta ba shi aikin koci da albashi, yaron kuma ya biyo uban. Wannan ɗaukar aiki ce ko ciniki? Abin ya daɗe a jami'o'in Amurka, kuma ya iso garuruwanmu. Ku biyo ni 🧵

2/ Mu fara da Amurka, don can ya fi fitowa fili. Wasannin jami'o'i a can harka ce ta maƙudan daloli, musamman ƙwallon kwando. Duk shekara jami'o'i na rububin yaran sakandare masu hazaƙa, kamar yadda 'yan kasuwa ke rububin masara a Dandume lokacin kaka.

3/ A 1983 kocin Jami'ar Kansas, Larry Brown, ya ɗauki Ed Manning a matsayin mataimakinsa. A lokacin Ed tuƙin babbar mota yake yi. Ɗansa Danny kuwa kowace jami'a nemansa take. Ba a jima ba Danny ya ce Kansas zai je. A 1988 shi ya jagorance su suka ɗauki kofin ƙasa.

4/ Kafin ku ce ai toshiyar baki ce tsagwaronta: Ed tsohon ɗan wasa ne, ya buga a matakin ƙwararru, har ya taɓa bugawa a ƙarƙashin shi Larry Brown ɗin. Ya san aikin. Nan wuyar maganar take fa, don yawancin iyayen da ake ɗauka ba jahilan wasan ba ne.

5/ A 2016 Jami'ar Washington ta ɗauki Michael Porter babba aiki. Ɗansa Michael ƙarami, wanda ke sahun farko a tsararsa, ya yi alkawarin zuwa can. A Maris 2017 aka sallami babban kocin, sai Jami'ar Missouri ta ɗauke uban. Yaro ya bi uba. Ƙaninsa Jontay ma ya biyo.

6/ Kwantiragin uban na shekara uku ne, dala 375,000 duk shekara. Yaron kuwa minti biyu ya yi a wasan farko bayansa ya riƙe, sai tiyata. Wasa uku kacal ya buga wa Missouri kafin ya wuce NBA a 2018. Ku riƙe maganar kwantiragin nan, za ta yi mana amfani a gaba.

7/ A lokacin, hukumar NCAA mai kula da wasannin jami'o'in tana da doka: a ƙwallon kwando, ba a ba ɗan'uwan yaro ko tsohon kocinsa aikin ofis shekara biyu kafin zuwansa ko bayan zuwansa. Amma kujerar mataimakin koci an bar ta. A 2018 USC ta ɗauki Eric Mobley, 'ya'yansa Isaiah da Evan suka biyo baya.

8/ Me ya kawo wannan dabara? Shekara da shekaru jami'a na kwasar kuɗin talabijin da tikiti, yaro kuwa bayan tallafin karatu ba a yarda a biya shi ba. Sai a Yulin 2021 aka bari su ci kuɗin sunansu da talla. Kafin nan albashin uba shi ne ƙofar baya da kuɗi ke bi ya shiga gida.

9/ 'Yan ƙwallon ƙafa kun san makamancinsa. FIFA ta hana kai yaro ƙasa da shekara 18 wata ƙasa, sai da wasu 'yan dalilai, ciki har da in iyayensa sun ƙaura don dalilin da bai shafi ƙwallo ba. Shi ya sa uba kan “samu aiki” kwatsam a garin da kulob yake. Kan dokar ƙananan yaran nan aka hukunta Barcelona a 2014, Chelsea a 2019.

10/ To mu dawo gida. Mu ba mu da daloli, amma makarantun kuɗi sun yi yawa tsakanin Funtua, Bakori da Malumfashi, kuma kowace na son a ga kofi a ofishin shugaba lokacin ɗaukar sabbin ɗalibai. Na ga irin wannan ciniki da idona, a wata makaranta da ba zan kira suna ba.

11/ Wani yaro ne a unguwarmu, ƙanin abokina, mai gudu kamar barewa. Babansa manomin masara da auduga ne, da rani kuma shi ke horar da yaran unguwa a filin firamare, kyauta, da usur ɗinsa a wuya. Makarantar ta ba yaro karatu kyauta, ta ba uban aikin malamin wasanni.

12/ Wallahi unguwa ta yi murna, ni ma na yi. Mutumin ya yi shekaru yana wahala da yaran mutane ba ko sisi. Shi ya koya wa ɗansa taɓa ƙwallo. Albashin ba wani mai yawa ba ne, amma ya isa ya rage masa kuɗin taki. Wa zai ce kar ya karɓa?

13/ Abin da ba mu tsaya mun tambaya ba: kujerar da ya zauna ta wa ce? Ashe akwai malami mai takardar NCE a fannin wasanni da lafiya da ke riƙe da aikin. Aka mayar da shi koyar da wani darasi, daga baya ya bar makarantar. Laifinsa ɗaya, ba shi da ɗa mai cin ƙwallo.

14/ Sai yaron ya ji ciwo a gwiwa ana saura kwana kaɗan a buga wasan ƙarshe. Mahaifiyarsa ta ce, “Malam, yaron nan fa ko tsugunno bai iya yi.” Uban ya yi shiru ya ce, “Na sani. Amma in bai buga ba me zan ce wa mai makaranta?” Aka ɗaure gwiwa da bandeji ya shiga.

15/ Kun ga inda matsalar take? Mutumin nan ba mugu ba ne, yana son ɗansa. Amma a duk duniya uba ne mutum ɗaya da ya kamata ya ce “zauna ka huta” ba tare da ya lissafa komai ba. Da aka ɗaura albashinsa a ƙafar yaron, an raba yaro da wannan mutum ɗayan.

16/ Shi kansa yaron an ɗora masa kayan da ba nasa ba. Ɗan shekara sha biyar ya san in ya ce ya gaji da ƙwallo, ko yana son canza makaranta, ko zai mai da hankali kan WAEC, tukunyar gidansu ce za ta girgiza. Wane ɗa ne zai iya buɗe baki ya faɗi haka?

17/ Sauran yaran ma fa? In ɗan koci ya fara wasa sai a ce don ubansa ne, ko da ya fi kowa. In an ajiye wani a benci sai ya ce an zalunce shi, ko da bai iya ba. Zargi ya shiga tsakanin yaran da jiya tare suke cin gyaɗa a bakin fili.

18/ A wajenmu in damina ta faɗi, kana kiran mai garma ya yi maka huɗa don shanunsa masu ƙarfi ne, ba don ya fi kowa iya riƙe garma ba. Ba wanda zai ce ka yi laifi, shanun dukiyarsa ce. Amma ɗa ba san noma ba ne da za a haɗa shi cikin kuɗin ƙodago.

19/ Yanzu ku tuno Porter. Da yaron ya ji ciwo, babansa na riƙe da takardar shekara uku, yaro ya yi jinya ya warke, a 2023 har ya ci kofin NBA da Denver. Namu babu takarda, magana ce ta baki. Yaron na gama makaranta aka ce wa uban “sai mun neme ka.” Gwiwar kuma har yau tana damunsa.

20/ Ni ban ce a hana uba horar da ɗansa ba, kuma ban ce talaka ya ƙi aiki ba. Nauyin yana kan makaranta, don ita ce mai ƙarfi a cinikin. Tambaya biyu za ta amsa: da ba shi da wannan ɗan, za ku ɗauke shi? In yaron ya tafi gobe, zai ci gaba da aikinsa?

21/ In amsar eh ce, to a tallata gurbin kowa ya nema, a rubuta masa takardar aikin da babu sunan yaron a ciki, maganar ciwo kuma a bar wa ma'aikacin lafiya ya yanke. In amsar a'a ce, ku ba yaron tallafinsa a fili da sunansa, ku bar uban ya zama uba.

22/ Iyaye da yayye, in an zo muku da irin wannan tayi, kafin a yi shewa ku ce a rubuta, kuma ku tambayi yaron shi kaɗai ko yana so. Wanda ya san irin haka a garinsu, ko a ƙwallo ko a musabaƙa, ya ba mu labari a ƙasa, amma ban da kiran suna don Allah.