Rantsuwar da na tsinta a littafi

A gidanmu na Maradi, wallahi ba ta fita a banza. Inna in ta ji yaro ya kama sunan Allah a kan dala biyar ko ragowar tuwo, sai ta murɗe masa kunne, ta ce sunan Ubangiji ba gishirin miya ba ne. Muka koma cewa aradu, ta ce ai gara ta farkon, wannan ta maguzawa ce. Haka na tashi da baki a ɗaure, ga ni kuwa da saurin hawa.

Da na je Yamai karatun Turanci, sai na ci karo da wata kalma a wasan Othello na Shakespeare, a bakin mugun nan Iago: zounds. Ɗan ƙamus ɗina na aljihu ya ce tsohuwar kalma ce ta fushi ko mamaki, iyakarta ke nan. Na yi murna kamar na tsinci dami a kala. Ga abin huce haushi, ba sunan Allah, ba kaffara, Inna kuma ba ta jin Turanci. Babur ya ƙi tashi, zounds. Wuta ta ɗauke ana tsakiyar kallon ƙwallo, zounds. Har abokai suka laƙaba mini ita.

Shekara takwas ina haka, har na zama mushe. Ran nan wata ɗaliba ta ɗaga hannu ta tambaye ni asalin kalmar. Na ce ta bari sai gobe.

Daren nan ban yi barcin kirki ba. Ashe guntuwar God's wounds ce, wato raunukan Allah, ana nufin raunukan da Kiristoci suka yi imani Yesu Almasihu ya samu a kan gicciye. Mutanen Ingila na ƙarshen ƙarni na 16 suna son rantsuwar, suna kuma tsoron sunan, sai suka datse shi suka bar harafinsa na ƙarshe manne da raunukan. Haka suka yi wa 'sblood, jinin Allah. Jikokinsu ma ba su daina ba: strewth gaskiyar Allah ce, blimey kuwa Allah ya makantar da ni.

Kada a ɗauka a wancan zamani wasa ce. A 1606, zamanin Sarki James, majalisa ta yi dokar tarar fam 10 ga duk wanda ya kama sunan Allah da wasa a dandalin wasan kwaikwayo. Othello da aka buga a 1622 cike yake da irin waɗannan rantse-rantse, amma a babban kundin 1623 an share mafi yawansu. Hukuma ba ta ruɗu da datsewar ba. Daga baya ne kalmar ta tsufa, har lafazinta ya sauya daga zundz zuwa zaundz, kunne ya daina jin rauni a cikinta. Yau sai mai barkwanci ke faɗinta, in yana kwaikwayon mutanen da.

Ni dai abin da ya tsaya mini a rai daban ne. Na guje wa wallahi, wadda aƙalla na san abin da take nufi, na rungumi maganar da ta jingina wa Allah rauni, abin da Musulmi ba ya ko kwatantawa.

Da na zo hutu na zayyana wa Inna komai. Ta yi shiru, sannan ta ce, "Kai da ka yi boko, shekara nawa kana faɗa?"

Na ce takwas.

Ta ce malam ya taɓa gaya musu Allah ba ya kama bawa da abin da bai sani ba, amma duk da haka in auno tiya biyu ta hatsi in kai wa almajiran ƙofar gida. Na kai. Jiya babur ya sake mutuwa a bakin kasuwa, na buɗe baki, na rasa abin cewa, na sauka na tura shi.