Inda Ake Koyar da Ido Kafin Hannu: Ɗakin Zane a Florence

A birnin Florence na ƙasar Italiya, garin da ya raini Leonardo da Vinci da Michelangelo, har yau akwai makarantun da ke koyar da zane bisa tsohon tsari. Cikin fitattunsu akwai Florence Academy of Art, wadda Ba'amurke Daniel Graves ya kafa a 1991. Na shiga wani ɗakin koyo irin wannan ina zaton zan tarar da masu baiwa suna zuba launi. Abin da na tarar shi ne manya, har da masu furfura, kowa a tsaye da fensir, yana fama da zanen kunne ɗaya tak.

Sabon shiga ba ya taɓa fenti. Yana farawa ne da kwafar zane-zanen Charles Bargue, Bafaranshen da aka wallafa darussansa a Paris daga 1866 zuwa 1871 da haɗin gwiwar Jean-Léon Gérôme. An jera su daga mai sauƙi zuwa mai wuya: ido, kunne, hanci, sannan tafin hannu da ƙafa, sai kai, sai gangar jiki. A yawancin shafukan siffa biyu ce. Ta farko miƙaƙƙun layuka ne da ke kama girman abin, ta biyu kuma an cike ta da inuwa. Duk wanda ya zauna a makarantar allo zai gane hikimar: babbaƙu kafin farfaru, zayyana sai can gaba.

Abin da ya fi riƙe ni shi ne yadda suke awo. Ana kafa takarda dab da abin da za a zana. Ɗalibi ya ja da baya 'yan taku zuwa alamar da ya yi a ƙasa, ya rufe ido ɗaya, ya miƙa zare mai ɗan nauyi a baki, ya gwada tsawo da faɗi. Sai ya matso ya ɗiga alama, ya sake komawa. Haka zai wuni yana kai da komowa. Idan ido ya gaji ya fara yaudararsa, sai ya duba aikin ta madubi, nan take karkata ta bayyana. Malami ba ya gyara wa kowa zane. Nuna wurin kuskure kawai yake yi ya wuce. Takarda ɗaya kan ci makonni.

Wanda ya ƙware a nan sai a ba shi gawayi, a ajiye masa farin mutum-mutumi kusa da taga mai fuskantar arewa, domin haskenta ba ya yawan sauyawa. A nan yake koyon raba haske da inuwa.

Matakin farko na wannan hanya shi ne Vincent van Gogh ya bi. Yana da shekara 27 a 1880 ya duƙufa kan kwafar darussan Bargue, ya maimaita su ba sau ɗaya ba. Picasso ma ya kwafe su yana yaro.

Don haka mai karatu, idan ka daɗe kana cewa ba ka da hannun zane, ka daina yanke wa kanka hukunci. Nemi fensir da takarda, ka fara da mai sauƙi, ka auna kafin ka zana, kada ka tsallake mataki. Zane ilimi ne, kuma ana koyonsa.